Yadda za ka binciki takardar albashinka, layi bayan layi

Yawancinmu masu cin albashi lamba ɗaya tak muka sani, wadda banki ke turowa a waya ranar da kuɗi suka shiga. Abin da ke bayan wannan lambar, wato nawa aka rubuta maka tun farko, nawa aka cire, wa ya cire kuma da wane dalili, sai ka tarar mutum ya shekara ashirin yana aiki bai taɓa zama ya duba ba. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, na ba arba'in baya da daɗewa. Ina da mata da 'ya'ya biyar, mahaifiyata tana hannuna, ga 'ya'yan yayana marigayi guda biyu da nake biya wa makaranta. A irin waɗannan shekarun albashi ba naka ba ne kai kaɗai. Duk abin da aka zaftare maka ba bisa ƙa'ida ba, a cefanen gida zai nuna, ko a kuɗin littafin wani yaro. Shi ya sa nake ganin wajibi ne magidanci ya ware yini guda a shekara ya zauna da takardar albashinsa da biro da kalkuleta.

Fara da neman takardar kanta. Idan albashinka ta IPPIS yake zuwa, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya, ko kamfani kake yi wa aiki, ofishin kuɗi na wurin aikinka zai iya fitar maka da ita, kuma haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Nemi ta watanni uku a jere, ka haɗa da ta Disambar bara da ta Janairun bana. Takarda ɗaya ba ta nuna komai. Sai ka jera su kusa da juna za ka ga layin da ya canza ba tare da an gaya maka ba.

Abin farko da za ka duba shi ne matakinka na aiki da kuma hawan da kake a cikin matakin. Ma'aikatan gwamnatin tarayya na gama-gari suna kan tsarin albashin CONPSS, kuma jadawalinsa ba sirri ba ne, wakilin ƙungiyar ƙwadago na ma'aikatarku yana da shi. Kwatanta abin da jadawalin ya ce da abin da takardarka ta ce. A duk shekara ya kamata ka hau hawa ɗaya har ka kai ƙarshen matakin. Na san mutanen da aka manta da su a hawa ɗaya shekara da shekaru, babu wanda ya yi musu mugunta, kawai ba a shigar da takardarsu ba, su kuma ba su duba ba.

Daga nan sai haraji, inda nan ne zan daɗe, domin dokar ta canza kuma mutane da yawa har yanzu da tsohon lissafi suke aiki.

Harajin da ake cirewa daga albashi, wanda za ka ga an rubuta PAYE, na jihar da kake zaune ne, ko da gwamnatin tarayya kake yi wa aiki. 'Yan sanda da jami'an harkokin waje ne nasu yake tafiya tarayya, mazauna Abuja kuma suna da tasu hukumar. Wanda ya ɗauke ka aiki shi ne yake cirewa, kuma doka ta ce ya kai wa hukumar tara haraji kafin 10 ga wata mai biyowa.

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka fito daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta, kuma sabon lissafin harajin albashi ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026. A tsohuwar doka, kafin a fara lissafi ana ware maka naira 200,000 da kuma kashi 20 cikin ɗari na abin da kake samu, sannan a fara cirewa daga kashi 7 har zuwa kashi 24. An soke wannan rangwamen. Yanzu naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na bayansu kashi 21, miliyan 25 na bayan waɗannan kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Mu dai yawancinmu a hawa biyu ko uku na farko muke ƙarewa. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 tun Yulin 2024, an ɗauke masa harajin gaba ɗaya.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa idan albashinka ya haura miliyan 3 za a cire kashi 18 na dukkansa. Abin da ya haura ɗin ne kawai ake cire wa kashi 18. Na ji wani abokin aiki yana cewa gara kada a yi masa ƙari don kada haraji ya cinye, kuma wannan kuskuren fahimta ne. Ƙarin albashi ba ya taɓa rage abin da za ka kai gida ta dalilin wannan harajin.

Kafin a ɗora waɗancan kason, akwai abubuwan da doka ta ce a fara cirewa daga jimillar albashinka: gudummawar fansho, ta asusun gidaje na ƙasa, ta inshorar lafiya, kuɗin inshorar rai idan kana biya, ruwan bashin gina gidan da kake zaune a ciki idan ka ci irin wannan bashin, sai kuma sabon abu, rangwamen haya. Wannan shi ne kashi 20 cikin ɗari na hayar da kake biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba.

Ga misali, da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce albashinka kafin cire komai naira 250,000 ne a wata, wato miliyan 3 a shekara. Fansho kashi 8 ya kama 240,000. A ce asusun gidaje ya ci 30,000. Kana haya a Hotoro ko Rijiyar Zaki a kan 400,000, kashi 20 nata 80,000 ke nan. Cire waɗannan uku, ya rage 2,650,000. Cire 800,000 da ba su da haraji, ya rage 1,850,000. Kashi 15 na wannan shi ne 277,500 a shekara, wato 23,125 a wata. Wannan ce lambar da ya kamata ka gani a layin PAYE. A tsohuwar doka mutumin nan zai biya kusan 305,000, don haka ya samu sauƙin kimanin 27,000 a shekara. Sauƙi ne, ba zan musa ba. Amma duk wanda ya je kasuwa tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya san wannan bai kai rabin buhun shinkafa ba a lokacin da ta yi tsada.

Rangwamen haya ba ya zuwa da kansa. Ofishin kuɗi bai san nawa kake biya ba sai ka kai musu. Saboda haka ka daina biyan haya hannu da hannu a zaure. Tura ta banki, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai gida da adireshin gidan da shekarar da aka biya, idan akwai takardar yarjejeniya ka haɗa. Wasu masu gidajen za su ɗan ja baya, suna tsoron kada sunansu ya isa hukumar haraji. Yi musu magana cikin girmamawa. Ni cewa na yi, "Alhaji, ofis ne suke nema, kuma kariya ce gare ni da kai idan wata rana magana ta taso." Ya rubuta. A misalin da na bayar, rasit ɗin nan naira 12,000 yake dawo maka da su a shekara, kuɗin takalmin makaranta na yara biyu.

Akwai abin da yake ci mini rai a wannan dokar, kuma zan faɗa. Wanda yake zaune a gidan gado, ko wanda ya tara shekaru yana ɗora bulo ɗaya bayan ɗaya har ya tare a nasa, ba shi da rangwamen haya, tsohon rangwamen kuma ya tafi. Sannan dokar ba ta san yawan bakin da kake ciyarwa ba. Saurayi mai ɗaki ɗaya da magidanci mai ciyar da mutum goma sha biyu, in dai albashinsu ɗaya, harajinsu ɗaya. A ƙasar da ɗan'uwa ne yake riƙe marayu da tsofaffi, ba hukuma ba, wannan bai yi mini daidai ba. Ina biya domin doka ce, kuma na yarda asibiti da titi da makaranta ba sa gina kansu. Amma idan ƙungiyoyin ƙwadago za su sake zama da gwamnati, wannan ya cancanci a sa shi a kan tebur.

Idan lissafinka da na takarda sun sha bamban, kada ka je ka yi ta faɗa a bakin taga. Rubuta wasiƙa gajera zuwa ga shugaban sashen kuɗi, ka nuna lissafinka, ka haɗa kwafin takardun, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin. Maganar baka tana mutuwa da tashin ofis, takarda mai hatimi kuwa dole wani ya amsa ta. Sau ɗaya a shekara kuma ka nemi takardar shaidar biyan haraji daga hukumar jiharku, wadda take nuna shekaru uku na baya. Da ita za ka tabbatar abin da aka cire maka ya isa inda aka ce, kuma za a iya neman ta wajen takardun fili ko wata hulɗa da gwamnati. Ka kuma sani cewa cirewar da ofis ke yi ba ta ɗauke maka cike takardar bayanin kuɗin shigarka na shekara ba, wadda wa'adinta 31 ga Maris ne. Idan kana karɓar hayar shago ko wani abin daban, a nan ake bayyana shi. Haraji kuma ba zakka ba ne. Idan ajiyarka ta kai nisabi ta shekara, wannan lissafi ne daban tsakaninka da Ubangijinka.

Layin fansho shi ne wanda masu shekaruna ya kamata su fi sa wa ido. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da aƙalla kashi 10, kuma a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ganin an cire a takarda ba ya nufin an tura. Nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, ka bi wata bayan wata, ka ga ko akwai giɓi. Idan akwai, ka rubuta wa ma'aikatarka, in ba a gyara ba ka kai ƙorafi PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa. Ma'aikatan jihohi su lura, wasu jihohin kamar Kano suna da nasu tsarin daban, sai ku tambayi hukumar fanshon jiharku.

Yayin da kake wurin kamfanin, gama abubuwa uku a zama ɗaya. Tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a takardar ɗaukarka aiki, da NIN, da BVN, da asusun fansho. Harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya sa dattijo ya yi ta zarya bayan ritaya, lokacin da ƙafa ta fara ciwo kuma babu albashi. Sannan ka tambayi a wane asusu kuɗinka suke, cikin asusun da kamfanin yake juya kuɗin fansho a cikinsu. Wanda bai kai hamsin ba yawanci yana asusu na biyu, idan ya cika hamsin a mayar da shi na uku mai ƙarancin kasada, kuma tun 2021 akwai asusu na shida wanda babu ruwa a cikinsa, ga wanda zuciyarsa ba ta natsu da sauran ba. Na koma can, kuma barcina ya fi daɗi. Na uku, duba wanda ka rubuta a matsayin makusancin da za a tuntuɓa. Da yawanmu mahaifi muka rubuta ranar da muka fara aiki muna samari, kuma Allah ya yi masa rasuwa tuntuni. Idan kamfanin bai gamsar da kai ba, tun Nuwambar 2020 kana da damar komawa wani sau ɗaya a shekara.

Asusun gidaje kashi 2.5 ne, yana tafiya Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya. Ka san lambarka, ka adana shaidar abin da aka tara, domin ana mayar wa mutum kuɗinsa idan ya yi ritaya bai ci bashin ba. Inshorar lafiya ta ma'aikata kuma tana ɗaukar kai da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Idan babbanka ya wuce shekarun, je ka cire shi ka sa ƙaraminsa. Sauran layukan, kuɗin ƙungiya, bashin ƙungiyar gama kai, bashin babur ko na shinkafar azumi, ka rubuta watan da kowanne zai ƙare a bangon littafinka. Bashin da aka gama biya yana iya ci gaba da fita idan babu wanda ya ce a tsaya.

Yanzu maganar da ta fi haraji zafi, wato tsayawa wuri ɗaya. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, daga mataki na 7 zuwa na 14 shekara uku ake yi kafin a cancanci ƙarin girma, daga na 15 zuwa sama shekara huɗu. Na zauna jarrabawa na ci, aka ce babu gurbi. Na sake zama, aka sake cewa babu gurbi. Yaran da na koya wa rubuta wasiƙar ofis sun tafi wasu hukumomin, yanzu idan mun haɗu a ɗaurin aure su ne suke rage mini hanya. Ina yi musu murna da gaske, amma ba zan ce abin ba ya taɓa zuciya ba. Wanda bai shiga wannan halin ba zai ce ka yi haƙuri kawai. Haƙurin muna yi, sai dai akwai abin yi bayan haƙuri.

Ka mallaki kwafin fayil ɗinka gaba ɗaya a gida: takardar ɗauka, ta tabbatarwa, kowace takardar ƙarin girma, sakamakon jarrabawa, takardun kwas. Idan ƙarin girma ya zo, duba ranar da aka ce ya fara aiki, domin daga ranar ake lissafin ariyas, kuma sai ka nema a rubuce. Sannan ka ƙirga ranar ritayarka da kanka: shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, duk wadda ta riga zuwa, malaman firamare da sakandare kuma dokar 2022 ta ba su 65 ko 40. Ranar da na rubuta shekarar a takarda, lissafina ya canza. Na ga cewa autata za ta kasance a sakandare lokacin da albashi zai tsaya. Daga nan na daina kallon kujerar da aka hana ni, na fara kallon gonar da mahaifinmu ya bari a ƙauye. Ka tuna Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya bar masa noma. Wannan ƙofar a buɗe take, kuma ba sai ka ɓoye wa kowa ba. Damina biyu ko uku na farko koyo ne, don haka gara ka fara tun kana da albashin da zai ɗauki asara.

Abin da ba na so ka yi shi ne ka kwaso ɓacin ran ofis ka juye a tsakar gida. Yaron da ya zo da takardar kuɗin makaranta ba shi ya hana ka gurbi ba. Idan na taso da zuciya a cike, nakan tsaya a masallacin unguwa in yi magariba, in ɗan zauna har isha, sannan in shiga gida.

Bayan ka gama lissafi ka san ainihin abin da yake naka, sai ka kira uwargida ku zauna. Na san maza da yawa suna ɓoye albashinsu, suna ganin hakan ne girma. Ni na ga akasin haka. Matar da ba ta san nawa ke shigowa ba za ta ɗauka rowa kake yi, ko akwai wata a waje. Da na ajiye takardar a gabanta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Baban yara, ashe da wannan kake riƙe mu duka?" Ita ce ta kawo shawarar mu riƙa sayen masara da gero da wake a Dawanau lokacin kaka da kuɗin adashinta da nawa, mu daina awo a tsakiyar damina lokacin da tsaba take tsada. Ita ce kuma ta ce a raba kuɗin zangon karatu gida huɗu a riƙa ware shi duk wata, ragon layya kuma a saye shi ƙarami tun da nisa a yi kiwo.

Dangi su ma a sa musu layi a lissafin. Kuɗin Hajiya da maganinta su ne na farko, ba a taɓa su. Bayan su ka ware wani abu sananne na biki da suna da rashin lafiya da gaisuwar mutuwa. Idan ya ƙare, ya ƙare. Ƙanena ya kira ni ana tsakiyar wata ya ce, "Yaya, abin ya matse, ko dubu ashirin ce." Na ce masa, "Wallahi na wannan watan ya tafi wajen jinyar Gwaggo, amma ranar da albashi ya shiga kai ne farko." Na cika alkawarin, kuma bai ji haushi ba, domin ya san ba kora ba ce. Ɗan'uwa yana jure "babu" idan ya san gaskiya ce kuma akwai rana.

Duk takardun nan, na albashi, rasit ɗin haya, bayanin fansho, lambar asusun gidaje, katin inshora, ka zuba su a jaka ɗaya, ka nuna wa matarka da babban ɗanka inda take. Ka rubuta musu a takarda cewa dokar fansho ta wajabta wa wurin aikinka yi maka inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinka na shekara ba, kuma idan ta Allah ta kasance haƙƙin magada ne su nema, tare da abin da ke asusun fansho. Za a buƙaci takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta izinin karɓar dukiyar mamaci, don haka ka rubuta sunan ofishin da za su fara zuwa da lambar fayil ɗinka. Lokacin da ya fi dacewa da wannan zaman shi ne farkon Fabrairu, bayan takardar Janairu ta fito, domin idan akwai gyara kana da sauran makonni kafin wa'adin ƙarshen Maris.